Ciyawar da Usta Ohaj Ya Kawo Umdurman

Jiya da na sunkuya ina rage ciyawar da ke ƙarƙashin babban hod, akwatin gilashin kifin nan na bakin ƙofa, na ji ɗayanku, ku samarin shagon nan, yana ce wa ɗan'uwansa wai wannan ai ba sana'a ba ce, ciyawa ce, ita take fito da kanta. Ban tanka ba, don hannuna yana cikin ruwa, kuma na san inda kuka samo ilimin. A waya kuka gani, inda ake zuba ruwa da gishiri a jefa kifi, kafin minti biyu komai ya yi kyau har da kiɗa. To yau kasuwa ba ta buɗe sosai ba, ku jawo kujera. Koren abin nan da kuke wa kallon tsohon soson wanka, duk wanda kuka gani a wani hod na ruwan gishiri a Umdurman ko Hartum, daga shagon nan ya fita. Iri ɗaya ne tak, amana ce aka bar mini, kuma sau biyu yana kusan ƙarewa a hannuna.

Ni ɗan Jazira ne. A kambo aka haife ni, unguwar leburorin gona da ke bakin tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da auduga. Aikin mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shi ne cire ciyawa daga cikin tur'ar. Da sassafe zai shiga ruwa har ƙirji da lauje mai doguwar ƙota, ya yanko, mu kuma mu ja zuwa gaɓa mu tara. Tsargiya ce ta kwantar da shi daga ƙarshe. Saboda haka a gidanmu koren abu a cikin ruwa abokin gaba ne. Shi ke toshe ruwa, shi ke ɓoye katantanwa, shi ke kawo cuta, kuma mutumin kirki ba ya ganinsa ya wuce bai tsige ba. Da wannan tarbiyya na shigo Umdurman, na koyi yankan gilashi a babbar kasuwa, ina yin tagogi da madubi da akwatin nuna kaya.

Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya biyu, wata rana wani dogon mutum siriri ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake jan wuƙar gilashi. Sunansa Ohaj, mutumin gabas ne, daga bakin Bahar Maliya. Gilashi mai kauri yake so, guda biyar, a haɗa su da gam ba tare da ƙarfe ko katako ba. Na ce masa abin da aka haɗa haka ba zai riƙe ruwa ba. Ya ce in yankan ya miƙe zai riƙe. Na yanka, ya bi gefen da ɗan yatsa daga wannan kai zuwa wancan, bai yanke ba. Sai ya ce, "Gobe ka zo shagona." Iyakar hirar ɗaukata aiki ke nan. Usta Ohaj, haka ake kiran maigidan sana'a, mutum ne da zai yini bai yi magana goma ba, bakwai daga ciki kuma a kan gahawarsa ne.

Ranar da na fara shiga shagonsa na tsaya a ƙofa na kasa ƙarasawa. Ni da na san tarwaɗa da karfasa, kifin da launinsa launin laka ne, sai ga wani shuɗi kamar an tsoma shi a baba, wani ruwan lemo da ratsin fari, wani rawaya mai faɗi yana juyawa a hankali ba ya ko kallon mutane. A ƙasa ga murjani mai rai, wanda ni a wuyan mata kawai na san shi, yana buɗewa yana rufewa. Na ce Subhanallahi ya fi a ƙirga. Har yau, bayan shekara ashirin da wani abu, in na kunna fitilar hod da safe sai na faɗa.

Wata uku ina ɗaukar jardal, bokitin da muke canza ruwa da shi, ina goge gilashi, ina koyon haɗa gishiri. Bai taɓa buɗe mini ƙofar katakon da ke ƙarƙashin babban hod ba, ni kuma ban tambaya ba. Sai tafiya ta kama shi zuwa Bur Sudan ɗauko kifi. Ya ce sati biyu zai yi, ya nuna mini yawan abincin da zan ba kifi a kan farcensa, ya miƙo makulli ya tafi.

Kwana biyu da tafiyarsa na buɗe ƙofar. A ciki akwai wani ƙaramin hod, ruwan babban yana gangarowa cikinsa ta bututu, inji yana mayar da shi sama. Kuma cike yake maƙil da wata koriyar ciyawa mai kaushi, a cukurkuɗe, ba saiwa ba ganye, da ƙaramar fitila a kanta.  Na ce ashe mutumin nan ƙazami ne, ya gyara sama ya bar ƙasa, shi ya sa yake ɓoye wurin. Na naɗe hannun riga na shiga aiki irin na gado. Na kwashe ta tas, jardal biyu, na watsar a bayan shago inda rana ke dukan ƙasa. Na sa buroshi na wanke gilashin har yana ƙara. Fitilar ma na kashe ta, don me za a haska wurin da ba kowa. Na koma gida ranar ina jin kaina, har na ce wa matata Hawwa in Usta ya dawo zai san ya ɗauki Bahaushe aiki.

Ya kuwa sani. Satin farko ba abin da ya faru. A na biyu sai wata gansakuka ja-ja mai yauƙi ta fara rufe yashi da duwatsu. In goge da safe, kafin la'asar ta dawo. Murjani ya tsuke ya ƙi buɗewa. Kifi suka daina kokawar abinci. Akwai ƙananan kwalabe na gwaji da Usta ya koya mini, a ɗebi ruwa a ɗiga magani, in ruwan yana da tsabta ya tsaya fari-fari, in datti ya taru ya yi ja. Na ɗiga, ya yi ja kamar zoɓo. Nan jikina ya ba ni cewa abin da na zubar yana da aiki. Na ruga bayan shago, na tarar ta bushe ƙayau, ta yi fari, awaki ma sun shinshina sun bar ta.

Sai na ƙara wauta a kan wauta. Na ce ai ciyawa ciyawa ce. Na hau mota zuwa bakin Nilu, na tsinko ta ruwan daɗi cike da buhu, na zuba a ƙaramin hod ɗin. Kwana ɗaya gishiri ya narkar da ita, ta zama kunu, shagon ya ɗauki wari har mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya matsar da kujerunsa. Kifi uku suka mutu, har da rawayan nan mai faɗi. Garin gyaran gira na tsone ido.

Usta Ohaj ya dawo da rana tsaka, da akwatunan kifi a bayan mota. Ya shigo ya tsaya. Ya dubi babban hod, ya durƙusa ya buɗe ƙofar ƙasa, ya daɗe yana kallon gilashin da na wanke. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

"Ina take?" ya ce.

"Usta, na zaci datti ce. A garinmu cire ta ake yi."

"A garinku ruwa yana wucewa. Nan ina zai je?"

 Ya kashe inji, ya kwance bututun da ke jan ruwa, ya ɗaga shi wajen haske yana leƙawa. A bakin bututun akwai 'yar raga mai tace ruwa, wadda buroshina bai kai gare ta ba. Ya karɓi tsinken sakace a wurin mai shayi ya dinga zaƙulowa a hankali. Zare huɗu ya samu, kowane bai fi tsawon ɗan yatsa ba, amma kore ne shar. Ya wanke kofin shayi da ruwan zafi, ya zuba sabon ruwan gishiri da ɗan na hod, ya saka su, ya miƙo mini.

"Kai ka kashe, kai za ka raya. Halas, magana ta ƙare."

Kofin nan a taga na ajiye shi, inda hasken safe ke shigowa amma zafin azahar ba ya kaiwa. Kullum in canza rabin ruwan, in kaɗa da cokali. Shi kuwa babban hod, da babu mai tace masa ruwa, ni na zama ciyawarsa. Jardal ashirin nake fitarwa in haɗa sabo in zuba, duk bayan kwana biyu, har kafaɗata ta yi kanta. Sati guda zaren nan huɗu suna nan yadda suke, ni kuma ina ta istigfari. A sati na biyu na ga kamar sun yi tsawo, na ce idona ne. A na uku suka naɗe juna suka yi ƙwallo kamar goro. Daga nan abin ya zama sai ka gani da idonka. Goro ya koma ƙwai, ƙwai ya koma dunƙulen hannu, muka mayar da ita gidanta a ƙarƙashin fitila. Kuma duk yadda take ƙaruwa, haka jan kwalbar gwaji ke raguwa, daga zoɓo zuwa ruwan hoda, daga nan zuwa fari. Ranar da murjani ya sake buɗewa na zauna a ƙasa ina kallo har aka kira sallah ban ji ba.

A ranar ce Usta ya yi mini bayani mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce kifi yana ci yana kashi a ruwan da yake numfashi. Kashin yana narkewa, ido ba ya gani, amma yana nan yana taruwa har ya zama guba. Ita ciyawar, wannan dattin shi ne tuwonta. Tana shan sa ta mayar da shi jikinta. In ka yanki rabinta ka fitar, to dattin da ba ka iya kamawa da hannu ka kama ka fitar. Na dubi dunƙulen da ke hannuna, mai tsabta, mai ƙamshin gishiri, aka ce mini wai kashin kifi ne ya zama haka. 

To ga aikin da kuke cewa ba aiki ba. Duk kwana uku sai ka juya ta, don wadda ke ƙasa ba ta samun haske, in ka bar ta za ta ruɓe ta mayar wa ruwa duk abin da ta sha. Duk sati biyu ka rage ta, ba ka kwashe da yawa ba, ba ka ji tausayinta ka bari ta cika wuri ba. Fitilarta tana kunnuwa ne lokacin da ta kifi ta mutu, saboda a duhu ita ma shan iska take kamar kifin, kada su haɗu su biyu suna ja. Ruwan da ya ƙafe, da ruwan daɗi ake cikawa, don ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Ruwan famfo kuwa, musamman da damina in Nilu ya yi ja, sai an tace shi, in ba haka ba ka kawo wa kanka gansakuka da hannunka. Ba a sa hannu a hod da sabulu ko turare. Launinta kuma magana ne. In ta yi kore mai duhu ta ƙoshi, in ta fara haske tana jin yunwa ko zafi, in ta yi fari ka makara.

Masu saye su ma karatu ne. Wani likitan haƙori a Hartum ya sa muka kafa masa hod a ɗakin jira, don masu ciwo su manta da abin da ke jiran su. Shi da kansa yake ba kifi abinci, sau biyar a rana, kamar masu aikin gini. Ciyawarsa takan cika ta tura murfi cikin kwana goma, ita ce ta rufa masa asiri shekara da shekaru bai sani ba. Wani attajiri a Kasuwar Libiya ya ce in cire masa wannan ƙazantar in sa ta roba, wai ta fi kyau kuma ba ta son fitila. Na ce masa ya Haj, ta roba ba ta cin abinci. Ya ce shi ya sa yake son ta. Bayan wata guda ya aiko a kira ni, na je na tarar da ruwansa kamar miyar kuka. Ban yi masa dariya ba, don na san wanda ya riga shi yin wannan tunanin.

Da girma ya kama Usta Ohaj, idonsa ya fara rauni, sai ya ce zai koma gida. Ranar tafiyarsa ya ba ni makullin shago, ya nuna ƙofar ƙasan hod da sandarsa ya ce, "Shago in ya rushe a gina wani. Wannan kada ka bari ta mutu." Na ce in Allah ya yarda. A lokacin abin bai yi mini nauyi ba, don ciyawar tana gidaje sun fi talatin, in ta mutu a nan sai in yanko a can.

Sai shekarar da yaƙi ya shigo gari. Ba zan ba ku labarinsa ba, kun gani da idonku. Abin da ya shafi sana'ata shi ne kahraba, wutar lantarki, ta ɗauke, kuma hod na ruwan gishiri in inji ya tsaya, kwanansa ƙidayayyu ne. Masu gidajen da nake wa aiki suka kulle ƙofofi suka bar gari. Duk waɗannan hododi, da kifinsu da murjaninsu da ciyawarsu, suka mutu a bayan makulli. Ni da ƙyar na kai shago sau ɗaya. Na samu mai karo, amalanken jaki, na ɗora jarka biyu na ruwan gishiri, da buhun gishiri guda, da kifi huɗu da suka rage, da ciyawar, muka nufi gidana a unguwar Alsawra.

A babban baho na roba na zuba su, a ƙarƙashin rumfa, na naɗe bahon da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi. Babu inji, sai na zama inji. Bayan kowace sallah in ɗauki kofi in ɗebo ruwan in zubo daga sama, sau ɗari, don iska ta shiga. Ma'aunin gishirina na gilashi ya fashe a karo, sai na koma ɗanɗanawa da harshe. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya yi wuya shi ne ruwan daɗi. Famfo ya ƙafe, sai an bi layi a rijiyar unguwa, ga gidanmu ya cika da 'yan'uwa da suka gudo daga wasu unguwanni, mun kai mu goma sha bakwai. Bahon kuma kullum sai ya sha kofi uku, ban da na jiƙa buhu.

Wata rana da azahar Hawwa ta same ni ina tsiyaya ruwa daga randa. Abu Musa take ce mini, da sunan ɗanmu.

"Abu Musa, moyar randar nan ta sha ce. Yaran ƙanwata Zainaba tun safe kofi ɗai-ɗai suka samu."

"Daga rabona nake ɗiba, Hajja."

"Rabonka ma namu ne. In ka faɗi, wa zai bi mana layi?"

"Amana ce."

"Mu fa? Mu kyauta aka ba ka?"

Gaskiya ta faɗa. Na mayar da kofi ɗaya cikin randa, na zuba biyu a baho, kuma na ji kunyar duka biyun. Zainaba, ƙanwar Hawwa, ba ta ce mini komai ba, amma na ji tana faɗa wa maƙwabciya ta kan katanga cewa mijin yayarta yana shayar da ciyawa mutane na jin ƙishi. Ban ga laifinta ba.

Zafin bazara ya ɗauke kifin ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe shi ne ɗan ruwan lemon nan mai ratsi, ya jure har wata biyar. Da ya mutu sai na ga ɗaya fuskar abin da Usta ya koya mini. Na daɗe da sanin kifi ba ya rayuwa in babu ciyawa, amma ban taɓa tunanin ita ma ba ta rayuwa in babu kifi ba. Ba mai yi mata datti, ba ta da abinci. Ta fara haske, tana kakkaryewa. Sai jinin manomi ya motsa, na jiƙa kashin awaki na tace na ɗiga mata, na ce taki taki ne. Ruwan ya yi wari, rabinta ya ruɓe a kwana biyu. Na tsince mai rai na canza ruwa da ragowar gishirina. Abin da ya cika jardal biyu ya dawo bai fi ƙwan kaza ba, kuma kullum raguwa yake.

Hawwa ce ta yanke maganar. Ta ce, "Hanyar gabas ta buɗe, mutane suna tafiya. Kai wa mai ita abarsa tun tana da rai. Amana in ta fi ƙarfinka, mayar da ita ba cin amana ba ne." Na yi kwana biyu ina juya zancen, na ga ba ni da wata dabara. Na zuba ta a kwalbar roba da ɗan ruwan da ya rage, na shiga mota da niyyar in miƙa wa Usta Ohaj in ce na gaza, in dawo in koma yankan tagogi, don garin da aka yi yaƙi ba ya rasa mai neman gilashi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni a mota ta tambaye ni ko maganin ciwon ƙafa ne, in sam mata.

Ku sani, shekara ashirin ina haɗa ruwan teku a jardal, amma ban taɓa ganin teku ba. Na sami Usta a wani ƙaramin gida a bayan gari, ya tsufa ƙwarai, ba ya gane fuska sai murya. Bayan gaisuwa da gahawa, tun ban buɗe baki ba ya ce in riƙe masa hannu mu taka. Muka bi wani lungu, muka zaga bayan wata katanga, sai kawai ƙasa ta ƙare.

Ban san yadda zan faɗa muku ba. Ruwa ne shuɗi har inda ido ya gaji, ba gaɓa a wancan gefen, yana tahowa yana komawa. Idona ya dinga neman bututu, yana neman inda injin yake. Na tuɓe takalmi na shiga har gwiwa, sai ga ƙananan kifi shuɗɗa irin waɗanda nake lallaɓawa kamar ƙwai suna zagaya ƙafata, ba mai ba su abinci a kan farce, ba mai canza musu ruwa. Na tsaya ina kuka, ni da furfurata, ban damu da masunta da ke kallona ba. Da na dawo hayyacina na ɗebi ruwan na ɗanɗana, na juyo na ce, "Usta, gishirin ya ɗan yi yawa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To ƙara masa kofi biyu."

Da na fito ne na lura da abin da nake takawa. Ciyawa ce, irin tawa, tuli-tuli a bakin gaɓa, ruwa ya turo ta ya bari tana bushewa, ƙudaje na bi, har can inda ba na iya hangowa. Abin da na hana yaran Zainaba ruwa saboda shi, ga shi nan shara ne.  Na mayar da kwalbar bayan jallabiyata.

"Me kake ɓoyewa?" in ji Usta. Ido ya tafi amma kunne yana nan, ya ji motsin ruwan.

Na faɗa masa komai, har da kashin awaki. Na ce na kawo masa abarsa ne, amma ga shi na ga bai rasa ta ba, bari in juye a nan in huta. Ya miƙo hannu. Ya buɗe kwalbar, ya zaro ta, ya murza a tsakanin yatsu, ya kai hanci. Sannan ya sa na tsinko masa sabuwa daga cikin ruwa, ya ɗora mini su biyu a tafin hannu.

"Wannan ta teku, in ka ɗauke ta yanzu, kafin ka kai Atbara, rabin hanya, ta zama kunu. Sau bakwai na ɗauka zuwa Umdurman, sau shida tana mutuwa, ko a hanya ko a satin farko. Ba ta son zafinku, ba ta son ruwan jardal. Ta bakwai ce ta yarda ta zauna, ban san dalili ba. Ita ce wannan." Ya rufe yatsuna a kan tawa. "Nan ba a rasa ciyawa ba, ya Haruna. Can ne babu. Ni kuma ba ni da ƙafar ɗauka ta takwas."

Shekara goma sha biyu na yi a ƙarƙashinsa bai taɓa gaya mini wannan ba. Na ce masa ba ni da kifi, ba ni da gishiri, ba ni da kahraba. Ya kira wani masunci ya yi masa magana da yarensu. Kafin magariba an kawo ƙananan kifi biyu masu taurin rai a jarka, da buhun gishiri. Ya sa aka canza wa kwalbar ruwa. Na ce to bari in yi ko kwana uku in ƙara kallon tekun nan, tunda Allah ya kawo ni.

"Ba a barin ta kwana uku a kwalba," ya ce. "Motar safe za ka bi."

Ita na bi. Ganina da teku ke nan, daga la'asar zuwa magariba, kuma ganina na ƙarshe da Usta Ohaj. Da mota ta fita gari, fasinjoji suka koma ɓangare guda suna leƙen ruwa kafin duwatsu su rufe shi. Ni ban samu na leƙa ba. Motar ba ta cika ta tashi ba sai bayan azahar, rana ta ɗaya ɓangaren take shigowa, kuma can na zauna da jarka a tsakanin ƙafafuna, ina riƙe da kwalbar a jikin taga don ta sami haske.